Gwangwani Mai Gyara

Ni matar duba-gari ce. Yau in na faɗi haka jikokina dariya suke yi, don ba su san nauyin kalmar ba. A zamanin En'e, lokacin Turawa na nan, in aka ce duba-gari ya shigo unguwa, tsohuwa mai ciwon ƙafa ma sai ta miƙe. Mata su yi ta kifar da ruwan randa, a share bakin salga, a kora awaki turke. Shi ne mai leƙa tulunka da ludayi ya ga ko akwai ƙwari, shi ne mai shinshina naman mahauci, in bai gamsu ba ya sa ɗan doka ya kai ka gaban alƙali. Ba mai son ganinsa. Ranar da aka ɗaura mini aure da duba-garin Bodinga, ƙawayena a Shagari har jaje suka yi mini, wai na tafi ke nan wankin randa.

To, ba su yi ƙarya duka ba, na wanke randa har na gode Allah. Amma Malam, haka nake kiransa har ya bar duniya, ba dodon da suke zato ba ne. Siriri ne, mai sanyin murya, ga kunya kamar amarya. In ya tuɓe kakin nan da gajeren wando ya sa rigarsa ta gida, ba ka cewa shi ne mahauta ke tsine wa a bayan ido. Abu ɗaya ne da shi: in ya ga abu ba daidai ba, wuyansa ba ya iya juyawa ya kalli wani wuri. Na sha faɗa da shi a kan wannan hali. Na kan ce, Malam, duniyar nan kai kaɗai aka ba tsaronta? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge kekensa.

Mahaifina kuwa ɗan koli ne. Yana noman gero da damina, ya yi albasa a fadama da rani, sauran lokacin ya ɗora kolinsa a jaki ya ci kasuwar Shagari da ta Bodinga. Allura, zare, madubi, kwalli, sabulu, duk abin da ya shigo sabo Baba ne zai fara kawo shi garinmu. An san shi da gyara. Ko allura ka saya sai ya ɗora maka ɗan zare, ya ce ga gyara. Bai tara abin duniya ba, kuma bai damu ba, muddin in an ambaci sunansa a kasuwa za a ce ai wane ba ya cuta. Wannan kalma ita ce yake taƙama da ita, ya fi son ta da riga mai aska.

Tsakaninsa da Malam akwai surukuta irin ta da, ba irin ta yanzu da suruki zai zauna kujera ɗaya da uban matarsa suna kallon ƙwallo ba. Malam bai taɓa kallon Baba ido cikin ido ba. Ba ya cin abinci inda yake, ba ya wuce shi a hanya. Ranar kasuwar Bodinga, in yana zagayen aiki, sai ya kewaya ta wajen 'yan gishiri don kada ya bi ta gaban rumfar Baba. In kuwa tsautsayi ya haɗa su, ya tuɓe takalmi ya durƙusa har sai Baba ya shige. Aikin bai taɓa haɗa su ba, don me duba-gari zai duba a allura da madubi?

Da cikina na fari ya tsufa aka kai ni gida Shagari goyon ciki. In haihu a ɗakin Inna, in yi wankan jego, in an yi arba'in a mai da ni ɗakina a Bodinga. Ƙarshen bazara ne, ana jiran ruwa, zafi kamar a tuɓe fata. Tumatir ya ƙare a fadama, kowa ya koma busasshe, miya duk ta yi baƙi.

A lokacin ne Baba ya je Sakkwato sarin kaya, ya sauko daga mota da akwatunan katako. Wani akawun kanti ne ya sayar masa da araha, wai tsohon kaya ne ana so a share sito. Da aka ɓalle katakon sai ga gwangwanaye, wasu na tumatir, wasu na wani ɗan koren wake da Turawa ke ci. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe irinsu da abinci a ciki ba. Inna ta sa wuƙa da dutse ta buɗe guda, ta zuba a miya. Kai! Miyar nan ta yi ja wur, maƙwabta har leƙe suke yi.

Gwangwanayen iri biyu ne. Wasu kansu a shafe yake. Wasu kuwa sun taso sama da ƙasa, in ka ajiye su ba sa zama daidai, sai su yi ta rawa. Baba ya ɗauki ɗaya mai tasowar, ya juya shi a hannu, ya yi dariya.

“Kun gani? Ashe Bature ma ya san gyara. Wanga ya cika shi, ya ƙara mishi, har murfi ya tashi.”

Kada wani ya yi mana dariya. Mu mutanen mudu ne. Tun muna yara mun san mudun da aka shafe da hannu na marowaci ne, wanda aka bari ya yi tozo shi ne na mutumin kirki. To, ga gwangwani shafaffe, ga mai tozo, me kake so mu ce? Duk gidan muka yarda. Baba ya zauna ya tsince waɗanda suka fi ƙiba, ya ce a tura su ƙarƙashin gadona, ba na sayarwa ba ne, na miyar suna ne. Na ji daɗi har raina, don na san gata ne ya yi mini.

Na haifi namiji lafiya lau. Kasuwar Bodinga ta faɗo kafin suna, Baba ya ɗora akwatunansa ya tafi, yana so ya sayar ya yi hidimar jikansa.

Ba ni wurin, ina ɗaki da ɗanyen jego. Gwaggo ce ta ba ni labari, ƙanwar Baba da ke aure a Bodinga, mai sai da daddawa dab da rumfarsa. Ita in tana ba da labari har tashi take ta kwaikwayi tafiyar mutum. Sauran kuma na tatso shi a bakin Malam daga baya, da ƙyar, shi da magana sai ka ce za a cire masa haƙori.

Tun da sassafe Baba ke kira, “Ga mai gyara! A zo a ɗauki mai gyara!” Mutane suka yi caa, kowa na ture shafaffen yana neman mai tozo. Malam yana can wajen mahauta sai ya ga wani mutum ya wuce da gwangwani a hannu. Ya karɓa, ya danna murfin da babban yatsa, murfin ya ƙi komawa. A makarantar da aka koya musu aiki an nuna musu irinsa, an gaya musu abin da yake yi wa mutum. Ya tambayi mutumin inda ya saya. Mutumin ya nuna da hannu.

Ɗan dokan da ke bin sa ya kalli inda aka nuna, ya matso ya ce a hankali, “Malam, mu bi ta wajen 'yan gishiri kamar kullum.”

Malam ya ce ya sake duban gwangwanin da ke hannunsa. Sannan ya aika a kira sarkin kasuwa. Ya tuɓe takalmi, ya cire hular aiki, ya doshi rumfar da bai taɓa dosa ba. Gwaggo ta ce da ta hango shi tafe ba takalmi sai ta zaci gaisuwar barka ya kawo. Ya zo ya durƙusa a rana, gefen rumfa, gwiwoyi a waje saboda gajeren wandon nan, yana ta jan bakin wandon wai ya rufe su. Kansa a ƙasa. Sarkin kasuwa ya tsaya a tsakani. Mutum biyu ne da hannu zai iya kaiwa daga wannan zuwa wancan, amma duk maganar da suka yi ta bakin sarkin kasuwa ta bi.

“Sarki, a gai da Baba.”

“Ana gaishe ka,” in ji sarkin kasuwa.

Baba ya ce, “Ina amsawa. A tambaye shi mi ya biyo da shi ta nan yau.”

“A hwaɗa wa Baba, Allah shi ba shi haƙuri, wanga gwangwani da ya taso ba gyara anka yi mishi ba. Ɓaci ya yi. Abin ciki ya ruɓe, iskar ruɓar ta kumbura shi.”

Baba ya yi dariya. “A ce mishi an ci guda a gidana, ba wanda ya yi ko atishawa. Matarshi ma ta sha miyar.”

“A tambayi Baba, shafaffen anka buɗe ko mai tozon?”

Baba ya daina dariya. Shafaffen ne.

Mutane sun fara taruwa. Ka san kasuwa, duba-gari a durƙushe a rana ai abin kallo ne. Baba ya ga haka, ya sassauta murya, ya ce wa sarkin kasuwa, in ma haka ne, shi zai tattara kayansa ya mai da akwati ya koma Shagari, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Sarkin kasuwa ya ce wannan magana ce ta manya. Ɗan doka ya ce wallahi ta yi. Gwaggo ta ce ita ma daga inda take sai da ta ce, yaro, karɓi wannan.

Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Na rumfa masu sauƙi na. Waɗanda anka saya tun da safe anka tahi da su gida hwa? Sai an yi shela a maido su. Kuma sai an hwaɗi rumfar da anka saya, in ba haka ba mutane ba su gane ba.”

Nan ne maganar ta ɓaci. Ƙwace kaya Baba zai iya haɗiyewa. Amma mai shela ya zaga kasuwar Bodinga da ganga, daga 'yan hatsi har kara inda ake sai da dabbobi, yana kiran sunan Baba da na garinsa, yana cewa duk wanda ya sayi gwangwani a hannun wane na Shagari ya maido shi, guba ne? Baba ya ce, “Sarki, tambaye shi ko ya san sunan wa za a kira.” Malam ya ce ya sani. Gwaggo ta ce gumi ke ɗiga daga haɓar Malam, amma ya sake cewa sai an yi.

Aka yi. Shi kuma yana durƙushe ya kwashe kayan. Bai miƙe tsaye a gaban Baba ba ko sau ɗaya. Da jan gwiwa ya matsa, yana ɗaukar gwangwanin da hannu biyu kamar wanda ake ba kyauta, yana sawa a buhu. Har shafaffun ya haɗa, don akwati ɗaya suka fito, wasu sun yi tsatsa a baki. Wasu 'yan kallo na dariya, wasu na salati. Mahauta kuwa, da ya kai ɗayansu ƙara a kan nama ba da daɗewa ba, sun baro fawarsu sun zo su ga ko yau zai kau da kai.

A zauren alƙali, alƙali ya dubi Malam ya ce, “Ka san ko wane ne wanga da ka kawo?”

“Allah shi gafarta Malam, ubana na.”

“Kuma ka kawo shi?”

“Dokar da ta kawo mahauci ita ta kawo shi.”

Aka ce ya nuna hujja. Ya sa ƙusa a kan mai tozo ya buga. Abin ya yi tsit, ya feso kumfa har kan buzun alƙali, wari ya cika zaure, mutane suka toshe hanci da bakin rawani. Amma Baba ba a kayar da shi da sauƙi. Ya ce, “Allah shi gafarta Malam, in wari na laihi, a fara kama ƙanwata mai daddawa. Nono ma sai ya yi tsami muke sha.” Zauren ya kwashe da dariya, har alƙali. Malam ya jira aka gama, ya ce daddawa da nono a sarari suke yin nasu, kakanninmu sun san su. Wannan kuwa a rufe yake, kuma ba warin ke kisa ba, wani ko wari ba ya yi, sai a ci da daɗi, a wayi gari gida guda ba mai iya ɗaga kai.

Alƙali ya yanke hukunci. Ya ce Baba bai yi nufin cuta ba, shi ma cutarsa aka yi, don haka tara kaɗan ce, amma kaya sai a hallaka su kamar yadda doka ta ce. Aka haƙa rami a bayan kasuwa. Malam ya huda kowane gwangwani, ya sa aka mammatse su da dutse don kada yara su tono su yi fitila, aka zuba kananzir aka ƙone, aka binne. Mutane na ta maido nasu. Alƙali ya wanke Baba a gaban jama'a, amma Baba bai ji wannan ba. Gangar mai shela kawai ke cikin kunnensa.

Washegari ya iso Shagari, Gwaggo na biye da shi. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida inda zan ji daga ɗaki, ya ce, “Yarinyar ga ta zo gida ke nan. Wanda ya sa anka yi shela da sunana cikin kasuwa ba shi aje ɗiyata.”

Inna ta nemi jin abin da ya faru a kasuwa. Ta saurari Gwaggo har ƙarshe, ta shigo ɗakin da nake, ta durƙusa ta jawo gwangwanayen nan masu ƙiba daga ƙarƙashin gado, ta zuba a zane, ta nufi salga. Ba ta tambayi kowa ba. Da ta dawo ta wanke hannu da toka har gwiwar hannu, ta ce mini, “Tashi ki sha kununki.”

Wane kunu? Baba in ya faɗi magana ba ya lashe ta. Na dubi jaririn nan a cinyata, na san in auren ya mutu, ana yaye shi za a zo a ɗauke shi a kai Bodinga, ni in zauna nan. Kuma ina son mijina, ba na jin kunyar faɗa yanzu da na tsufa. Ina son sa, ina kuma jin da zan gan shi a lokacin da na shaƙe shi. Mutum ya rasa wanda zai gwada wa gaskiyarsa sai ubana, kuma a makon da na haifa masa ɗa? Na yi kuka har Gwaggo ta ce zan ɓata nono.

Ranar suna Malam ya zo da 'yan'uwansa, da rago da goro. Ya zauna can ƙarshen tabarma a ƙofar gida, cikin farar riga. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka watse. Sai ya roƙi liman ya shiga wurin Baba da saƙo. Duk gidan muka ce to, ga ban haƙuri ya zo. Baba ma haka ya zata, ya gyara zama a zaure da amsarsa a shirye. Gwaggo ta laɓe a bayan zana, ni kuma ina ɗaki ina jiran ta.

Liman ya ce, “Yaron ga ya ce a hwaɗa maka, mutane sun maido da gwangwani. Amma maƙwabtan rumfarka sun ce akwai wata mata baƙuwa da ta saya da sassahe, ta tahi tun ba a yi shela ba. Ya taka keke ya je Sifawa, ya je Dingyaɗi, ba wanda ya san ta. An ce kun daɗe kuna magana da ita. Shina roƙo ka hwaɗi garinsu.”

Baba ya jira. Liman bai ƙara ba.

“Shi ke nan saƙon?”

“Shi ke nan.”

“Bai yi maganar iyalinshi ba?”

“Ya ce wannan hukuncinka na, ba shi da bakin magana a ciki. Amma matar can ba ta iya jira.”

Da Gwaggo ta kawo mini wannan, wallahi na manta da jego. Na ce gwangwani! Aurena na reto, ɗansa na cinyata, ya samu liman guda ya aika, abin da ya aika a kai gwangwani! Na ce a gaya masa in ya same shi ya ɗaura aure da shi, ya kai shi ɗakina ya ajiye a kan gado. Gwaggo na dariya tana rufe mini baki, wai baƙi na ji.

Baba ya sallami liman bai faɗi garin ba. Naman suna ma bai taɓa ba. Inna ta kai masa tuwo ta ɗauko shi yadda ta kai. Ya san matar. Daga wata ruga take a bayan Lambara, ta je Bodinga duba 'yarta ne, ta biyo kasuwa. Ta gaya masa ba ta taɓa sayen kayan Turawa ba, shi kuma don ya faranta mata, da hannunsa ya tona akwati ya zaɓo mata wanda ya fi kowanne tozo. Shi ne abin da ya hana shi cin tuwo. Ya shirya wa suruki mai roƙon mata, sai aka kawo masa matar da shi da kansa ya miƙa wa abin.

Da gari ya waye ya sa takalminsa na tafiya, ya ɗauki sanda, ya fita. Malam, da ya kwana a gidan liman, ya gan shi ya wuce. Ya jawo kekensa ya bi shi a baya. Bai hau ba, don in ya hau zai wuce surukinsa. Haka suka tafi cikin ranar nan, tsoho a gaba, duba-gari a baya yana tura keke cikin rairayi. Manoma da ke sharar gona suka riƙa miƙewa suna kallo. A haka har suka isa rugar.

Allah ya rufa asiri, matar ba ta buɗe gwangwanin ba. Ta ɗora shi a saman jerenta, kan ƙorai, ta goge shi yana ƙyalli, wai tana ajiye shi sai Sallar Layya a zuba a miyar nama, jikokinta su ɗanɗana. Da aka ce ta kawo, ta ce atafau, ita ta saya da abinta, kuma mai shi ya ce mata na musamman ne. Malam ya buɗe baki zai yi bayani, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce mata, “Ni na sayar miki, ni na ce miki gyara. Ban sani ba na hwaɗi. Ruɓaɓɓe na, in kunka ci ba ku kwana lahiya.” Ya faɗi haka a gaban mijinta da maƙwabtanta, ba mai shela, ba ɗan doka, ba wanda ya tilasta shi. Ya mayar mata da kuɗinta, ya ƙara mata madubi da ya zo da shi a aljihu.

Sannan ya juya, ya miƙa wa Malam gwangwanin hannu da hannu. Tun da aka ɗaura aurena wannan ne karo na farko da ya yi masa magana ba ta bakin wani ba. Ya ce, “Karɓi. Yi aikinka.” Malam ya durƙusa ya karɓa, ya je bayan shinge ya huda ya binne.

Maganar komawata ba wanda ya sake tayar da ita, kuma ba wanda ya janye ta. Na zauna cikin zullumi har arba'in ta matso. Ina kallon fuskar Baba in zai fita, ina kallonta in ya dawo, ba na karanta komai. Sai wata safiya na ji yana ce wa Inna, kamar maganar ba komai ba, “Ba ku fara shirya wa yarinyar ga kayanta ba? Ko so kuke a ce mun riƙe musu mata?” Inna ta ce yanzu kuwa. Na kifa kaina a kan jaririna na yi ta kuka, wannan karon Gwaggo ba ta hana ni ba.

Na koma Bodinga da fushina cikakke. Sai da na huce na tambayi Malam abin da ya hana shi roƙo a kaina. Ya ce, “Ke kina hannun ubanki, ba abin da za shi same ki. Da na haɗa roƙo biyu, da ya hana duka.” Na ce, da ya riƙe ni ɗin fa? Ya ce da ya shiga uku, amma da an sake maimaita ranar, shelar nan sai an yi ta. Na so in ji haushi, na nema na rasa. A ranar na daina ce masa shi kaɗai aka ba tsaron duniya.

Ba a ce komai ya koma daidai ba. Baba bai sake cin kasuwar Bodinga ba har ya mutu. Ya ce ƙafarsa ba ta iya shiga. Rabin cinikinsa ke nan ya tafi, ya tsaya Shagari da ƙauyukan kusa, bai kuma sake taɓa gwangwani ba. Malam ya san shi ne sanadi. Duk ranar kasuwa in ya dawo gida ba ya yawan magana, don wani ne ke zaune a rumfar yana sai da igiya. Su biyun suka koma surukutarsu ta da, gaisuwa daga nesa, durƙuso, saƙo ta bakin wani. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci abin da ya faru ba.

Shekaru suka tafi, Turawa suka tafi, ɗan nan nawa har ya yi gemu. Baba ya kwanta ciwon ajali, muka taru a Shagari. Wata la'asar ya farfaɗo, ya ce a kira masa liman da yayyena maza. Ina gefen gado ina yi masa fifita. Ya yi wasiyyarsa, ya zo kan wanda zai yi masa wanka. Babban yayana ya matso, don shi kowa ya zata.

Baba ya ce, “Duba-gari za shi yi mini.”

Yayana ya ce, “Baba, suruki? Ai kunya ba ta barin shi.”

“Shi na sani ba shi tsallake wuri don kunya.”

Malam yana waje a lokacin, a durƙushe bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Ya ji. Baba ya cika da safe, Malam ya shiga shi da liman suka rufe ƙofa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito hannun rigarsa a jiƙe har kafaɗa, bai kalli kowa ba, ya zaga bayan rumbu. Na bi shi da buta. Na same shi zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, yana kuka kamar yaro. Na ajiye butar, na zauna kusa da shi har aka kira a ɗauki gawa.